Ni Na Shigar da Sitati Cikin Shinge

Masu karatu, ina da wata 'yar ɗabi'a da ba na alfahari da ita: idan wayar mutum ta yi haske a kusa da ni, sai idona ya je. Ba na ɗauka, ba na taɓawa, leƙe ne kawai. Shekarun da na kwashe ina koyar da tuƙin mota ne suka ɓata ni, don aikin gaba ɗayansa satar kallo ne: ido ɗaya a titi, ɗaya a madubi, ɗaya a ƙafar ɗalibi. Na san idanun sun zama uku. Haka aikin yake.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarin nan, ni ne wanda ɗalibai suka laƙaba wa Malam Birki, saboda babu kalmar da na fi furtawa a rayuwata kamar ita. Na haura hamsin, matata ta rasu da jimawa, bara kuma ɓarin jikina na hagu ya tafi yajin aiki ba sanarwa. Hannun ya dawo rabi da rabi. Ƙafar kuwa har yau janta nake kamar wanda ake kai wa allura. Likita ne ya ce in gwada hawan doki, wai tafiyar doki tana tuna wa ƙugun mutum yadda ake tafiya. Yayata, wadda nake zaune a gidanta tun da na kwanta, ita ta nemo makarantar ta sa sunana. A can na ga Malama.

Bazawara ce, za ta kai arba'in. Kullum cikin doguwar riga ruwan toka da wando mai kauri, ɗankwali ɗaure tamau a ƙarƙashin hular kwano, takalminta ya sha ƙasa har ya manta launinsa. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ni da na yi rayuwata ina daka wa mutane tsawa a cikin mota, sai ga mace tana tsayar da dabbar da ta fi motata taurin kai da "ya isa" guda ɗaya, a hankali kamar mai rarrashi.

Ranar farko ta jera mu a bakin barga. Akwai wani mai keken guragu, akwai wata makauniya ma'aikaciyar gidan rediyo, akwai wani ma'aikacin banki lafiyayye sumul da ya zo don sha'awa, sai ni da sandata.

"Makarantar nan ta kowa ce," in ji ta, "shi ya sa dokarta ma ta kowa ce. Wanda ya makara ya yi kallo. Takalmi sau-ciki, hular kwano, ban da riga mai kaɗawa, ban da turare mai ƙarfi. Waya a bar ta a akwatin bakin ƙofa. Ba a ba doki abinci a tafin hannu, ba a tsayawa a bayansa. Wanda zai hau, shi zai goge dokinsa da iya hannun da Allah ya bar masa. 'Yan kallo a bayan shinge. Idan kana sama, idonka tsakanin kunnuwan doki, ko me ka ji ana yi a ƙasa. Ta ƙarshe, babu soyayya tsakanin malami da ɗalibi."

Ta ƙarshen nan har dariya na yi. Na dubi kaina, na dubi sandata, na ce a raina wa ya aike ni. Kafin wata ya ƙare dokar ta daina ba ni dariya.

Kuskurena shi ne na faɗa wa Sitati. Ɗan kawuna ne, sa'ana, dillalin gidaje, matarsa ta daɗe da tattara kayanta. Sunan ya samo shi ne daga kayansa: farar riga, farin wando, sun sha sitati da guga har idan ya zauna sai ka ji suna ƙara kamar ana naɗe takarda. Shi yake kai ni makarantar a motarsa tunda an raba ni da sitiyari. Idan mun isa sai ya tsaya bayan shinge, hankici a hanci, yana kallon dawakai kamar sun ci masa mutunci.

A mota na ce masa, "Ɗan'uwa, idan na gama da makarantar nan zan nemi Malama."

Ya dube ni ta gefen ido. "Wace Malamar? Mai warin barga?"

"Ita."

"To Allah ya sa alheri, Birki. Ka dai fara neman ƙafar tukuna."

Muka yi dariya tare. Ni har da buga cinya, ta daman.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune a falon Yaya, a kujerar nan mai ramin tsakiya da aka bar min don ta fi kusa da banɗaki. Yaya ta ajiye wayarta a hannun kujerar ta shiga ɗauko min magani. Wayar ta yi haske. Kun riga kun san halina.

Saƙon Sitati ne. "Yaya, ki taya ni bincike a kan Malamar nan ta dawakai, na ga ta dace da ni. Shi Birki ki lallaɓa shi, mai jinya yake buƙata ba mata ba. Da kin ga yadda ake ɗora shi a doki kamar buhun siminti."

Na karanta har hasken ya mutu. Sannan na zauna ina kallon baƙin gilashin, ina ganin fuskata a ciki, bakin nan da ya ɗan karkace.

Yaya ta fito da kofin ruwa, ta dubi wayar, ta dube ni. "Auta, ka sake leƙa min waya ko?"

Mutum ya haura hamsin, gemu duk furfura, amma a gidan nan Auta ne.

"Ita ta leƙo ni, Yaya."

Ta zauna, ta gyara zaman gilashinta. "To tunda ka gani, ka gani. Maganarsa ba daɗi, amma ka duba. Ga nas ɗin gidan da ke kallonmu, ta yi ritaya, mutuniyar kirki, ta san hawan jini kamar ita ta haife shi. Jiya ma ta tambaye ka."

"Ni ta tambaya ko awon jinina?"

"Duk ɗaya ne a shekarunka."

Na haɗiye maganin. Ba neman Malama da ya yi ne ya fi ƙona ni ba, mace ce, kowa yana da ido. Buhun simintin ne. Mutumin da ni na koya wa tuƙi kyauta, wanda ya kashe min mota a tsakiyar mahaɗa har mai babbar mota ya sauko zai mare shi na shiga tsakani, yau ni ne buhu.

Ban yi masa magana ba. Mai koyar da tuƙi ya san amfanin jira a bakin hanya har sai an sami sarari.

Sararin ya zo da kansa. Irina da ɓarin jiki ɗaya bai da ƙarfi, ba a barinmu mu kaɗai a kan doki. Malama takan riƙe ragama ta ja dokin, sai wani ya bi ta gefen da ya raunana, damtsensa a kwance a kan cinyar mahayi, yana tafiya duk inda doki ya tafi. Ɗan gefe ake ce masa. Aikin sa kai ne, kuma ba tafiyar kaɗai ba ce: ɗan gefe shi ke riga kowa zuwa, ya kwashe kashin dawakai da shebur, ya tura baro, ya cika bokitan ruwa. Babbar dokarsa ɗaya ce, ba ya ɗaga hannunsa daga kan mahayi ko sama za ta faɗo. To ɗan gefena ya sami aiki a wani gari, Malama ta ce ko ina da wani ɗan'uwa mai tausayi.

Masu karatu, a nan ne na ji wani sanyi ya sauko min tun daga hular kwano har cikin takalmi. Na yi lissafi irin na sana'ata. A wurinmu duk wanda ya shiga motar koyo, ko a baya ya zauna, dokar motar ta hau kansa. Ke nan idan na shigar da Sitati cikin shinge, zai kwashi kashi da farin wandonsa, kuma dokar nan ta ƙarshe da ta ɗaure ni za ta ɗaure shi. Idan ban samu ba, shi ma ya zauna layi.

Na ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji. "Ga ɗan'uwana can bayan shinge, Malama. Kullum sai ya ce min zuciyarsa ba ta iya jure kallona daga nesa."

Malama ta juya ta dube shi. Sitati ya sauke hankicin daga hanci.

"Haka ne, malam?"

Ya dube ni. Na yi masa murmushi da ɓarin bakin da ke aiki.

"Haka ne," in ji shi. "Jini ai ba wasa ba ne."

Ranar da ya fara, da na san zan ji daɗi haka da na gayyaci nas ɗin ma ta zo ta gani. Ya iso cikin fari tas, takalmi mai tsini yana ƙyalli, turarensa ya riga shi shiga ƙofa har wani doki ya yi atishawa. Malama ta tare shi a bakin akwatin waya.

"Waya a nan. Agogo a nan. Ga famfo can, a wanke wuya da hannu."

"Malama, ai turaren mai tsada ne."

"Doki bai sani ba."

Ta ba shi wata rigar aiki shuɗiya ta wani gajeren mutum da ya bar wurin, wandon ya tsaya masa a ƙwauri, da takalman roba da ba su san juna ba, ɗaya baƙi ɗaya kore. Ina zaune a benci ina goge goɗiyar da nake hawa, wata tsohuwa mai sanyin hali da ake kira Goggo, ina kallonsa yana tura baro yana kauda kai kamar baron ne ke masa gori.

Akwai abin da na sani game da Goggo wanda ban faɗa masa ba. Duk ranar duniya, idan ta kai kusurwar da ke kusa da tankin ruwa, sai ta ja birki ta buɗe ƙafafu ta yi fitsari. Ba ɗan kaɗan ba. Ta tsaya, Malama ta ce in ɗan ɗaga daga sirdi, aka fara. Ƙasar wurin ta riga ta taurare, ruwan yana sauka yana fallatsa. Sitati ya yi yunƙurin ja da baya.

"Hannu," in ji Malama, ko juyowa ba ta yi ba.

Ya mayar da hannun kan cinyata. Ya tsaya a nan har Goggo ta gama, ƙwaurinsa a waje. Idona yana tsakanin kunnuwan doki kamar yadda doka ta ce, amma zuciyata tana ƙasa tana rawa.

"Sannu, ɗan'uwa," na ce a hankali. "Buhun ya yi nauyi ko?"

Na ji damtsensa ya yi tauri a kan cinyata. Ya gane na gani.

Da yamma saƙonsa ya shigo. "Bayana ya riƙe. Matar wanki ta ce ba za ta taɓa safata ba."

Na rubuta, "Lada ne, ɗan'uwa. Jini ai ba wasa ba ne."

Na yi makonni ina cin wannan daɗin. Har abinci na ƙara ci, Yaya ta ce maganin ya karɓe ni. Sai dai mai satar kallo ba ya rasa ganin abin da zai ɓata masa rai. Da farko Sitati ya daina ƙorafi. Daga nan ya sayi takalman roba nasa na kansa, masu launi ɗaya. Wata rana ya ce in shirya da wuri ko in hau tasi, don akwai horon 'yan gefe kafin ɗalibai su zo.

"Wa ke ba da horon?"

"Malama mana."

"Ku nawa ne?"

"Yanzu dai ni kaɗai ne sabo."

A hanya ya kama ba ni labarin yadda ake cire tsakuwa daga kofato, yana magana da hannu biyu har na ce masa ya riƙe sitiyari. Rigarsa ranar ko guga ba ta gani ba.

Sai a lokacin na lura da abin da yake gabana tun farko. Mai jan doki a hagu yake tafiya, daidai kan dokin. Ɓarin jikina da ya mutu na hagu ne, don haka ɗan gefena ma a hagu yake, daidai ƙafata. Tsakaninsa da kafaɗar Malama bai wuce miƙa hannu ba. Ni kuwa ina can sama kamar tukunyar da aka ɗora a kan kabad, an ce in kalli kunnuwan Goggo. Da hannuna na ɗauko mutumin daga bayan shinge, inda ko gaisuwa sai ya ɗaga murya, na ajiye shi inda raɗa ta isa.

Kuma suna raɗar. Da farko ta aiki ce. "Duba ƙugunsa." "Ya karkata." "Sassauta kaɗan." Ranar da abin ya faru, mun wuce tankin ruwa, sai na ji Sitati ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa da ban kama ba. Malama ta yi dariya. 'Yar ƙarama ce, ta hanci, irin wadda mace take yi idan ba ta so a ji. Tunda na zo makarantar nan ban taɓa jin ta ba.

Na sunkuyo na leƙa ta hagu.

Ƙugun da ba shi da mai tsaro a wannan ɓarin ya bi idona. Ƙafata ta fita daga likkafa, sirdi ya tafi gabas ni na tafi yamma. Ban ma sami damar cewa birki ba. Sai na ji hannuwa biyu sun zagaye cikina, an fizge ni baya an manna ni da ƙirji, aka ja ni nesa da ƙafafun doki. Muka zube tare. Shi a ƙasa, daidai inda Goggo ta gama aikinta, ni a kan cinyarsa kamar jaririn da za a yi wa wanka.

Daga can kan dokinta makauniyar nan ta gidan rediyo ta ce, "Malam Birki ne ko? Tun ɗazu nake jin dokinsa yana tafiya a karkace."

Malama ta miƙa ragamar ga wani, ta durƙusa, ta duba wuyana da hannuna. Wannan ne karon farko da ta taɓa fuskata, kuma don ta ga ko idona yana juyawa ne.

"Ina idonka yake, Malam Birki?"

"Ya ɗan fita, Malama."

"Ka san abin da ke biyo baya. Za ka koma aikin ƙasa, goge doki da jan ragama, sai na gamsu za ka sake hawa." Ta juya wurin Sitati, wanda ke riƙe da bayansa yana nishi. "Kai kuma ka yi daidai yadda aka koya maka. Kafin ya dawo sama, za ka riƙa bin mai keken nan tare da ni."

Wato ni barga, su fili.

Na jira aka watse, Sitati ya tafi famfo. Na ja ƙafata na same ta tana rataye linzami a ƙusa. Saura harsashi ɗaya gare ni, na ce bari in harba.

"Malama, ina da tambaya a kan doka. Ta ƙarshen nan. Tana nan ko an soke ta? Don na ji kamar ana dariya a cikin shinge."

Ta gama rataye linzamin kafin ta juyo. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Tana nan. Don ku aka yi ta. Wanda yake sama ransa a hannunmu yake, ba zai iya ce mana a'a da sakin zuciya ba. Shi ya sa ba ma nemansa, ba ma kuma bari ya neme mu."

"To 'yan gefe fa?"

"Su ma ta hau kansu. Ɗan gefe ma'aikaci ne kamar ni. Ɗan'uwanka bai isa ya nemi ɗaliba a nan ba."

Na tsaya da baki a buɗe, ɓarin da ke buɗuwa. Dokar ta ɗaure shi, kamar yadda na lissafa. Sai dai a ɓangarenta ta ɗaure shi.

A mota Sitati ya shimfiɗa leda a kujera ya zauna a kai, motar duk warin Goggo. Wayarsa tana cikin ramin da ke kusa da giya. Mun tsaya a danja ta yi haske. Na rantse muku na yi niyyar kallon titi.

Saƙon Malama ne, kuma ba daga lambar ofis da mu ɗalibai muke da ita ba. "Ka shafa wa bayan magani. Yayana ya ce ka zo ranar hutu ku gaisa."

Sitati ya kife wayar. "Birki, har yanzu ba ka daina ba?"

"Danja ta ba ka hannu," na ce.

Kafin mu isa gida na gama yanke shawara. Zan ajiye ɗalibtar. Ranar da na cire hular kwano, dokar ta sauka daga kaina, in sa kwat ɗina ruwan ƙasa da na ajiye tun kafin ciwo, in riga shi zuwa wurin yayan nata, in ba da labarin matar da ta tattara kayanta da dalilin tattarawar, wanda ni kaɗai na sani a dangi. Zai gane buhun siminti idan ya faɗo wa mutum a ƙafa ba ya tashi da wuri. Har na fara tsara gaisuwar a raina, na fito daga mota ban jira ya miƙo min sanda ba, na haye dakalin ƙofar Yaya ina huci.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"Auta, da wace ƙafar ka hau?"

Washegari ta kai ni asibiti. Likita ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, ya sa na taka zuwa bango na dawo. Ya ce ta fara dawowa, duk wanda ke riƙe ta a kan dokin nan ya iya riƙo, kuma kada in kuskura in bar makarantar kafin shekara biyu.